An ce da gashin zabuwa na ɗaure mijina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ko da yake wanda ya san maganar zai gane ni. Ku taimaka ku ba ni shawara, wallahi na rasa tudun dafawa.

A Kagarawal muke zaune ni da maigidana da yaranmu. Direba ne, yana jigilar fasinja a hanyar Biu, kuma tun yana yaro a garinsu Kwadon, Allah ya ɗora masa son kamun kifi, ranar da ba ya aiki sai ya ɗauki fatsarsa da tana a gwangwani ya nufi dam ɗin Dadin Kowa, ya dawo min da 'yan karfasa yana cika baki kamar giwan ruwa ya kamo. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai kalma ɗai-ɗai da ƙyar. A asibiti aka ce a riƙa sa shi motsa yatsu, ko da tsintar wake ce. Na kawo masa waken ya ture tiren, ya juya fuskarsa bango. Mutumin da surutunsa ke hana mu jin rediyo, shi ne ya koma haka.

Wata rana yana danna waya da hannun hagu sai na ji yana kirana, ya nuna min bidiyon wani tsohon Bature yana ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, yana naɗa zare a hankali har abin ya fito sak fara, wai kifi in ya gani a saman ruwa sai ya ɗauka ƙwaro ne ya cafke. Na ce Baban Amira kifin Turawa ne wawa, namu sai ya ji ƙarnin tana. Ranar ya yi dariya, ta farko tun da ya kwanta, ni kuwa na shiga kicin na yi kukana.

Shi ke nan muka kama koyo. Turancin tsohon da sauri yake fita, ni ce mai 'yar sakandare, ina tsayar da bidiyon ina gaya masa iya abin da na tsinta. Ba mu da ƙarfen da suke maƙale ƙugiyar, sai in riƙe masa da filaya, shi yana naɗa zaren ɗinkina, ja da baƙi, da wannan hannun da ya shanye, yatsun suna rawa yana cije leɓe. Gashin zabuwa wajen masu figar kaji nake roƙowa, har baƙin zakaranmu bai tsira ba, yana hango ni yake hayewa katanga. Na farko da ya ɗaura kyankyaso ma ya fi shi fasali, amma a hankali suka fara kyau, a hankali kuma ya fara riƙe cokali, har alwala ya soma yi da kansa. Akwai wani da Baturen ya yi da dogon gashin wata dabba da ba mu da ita, sai maigida ya nuna kaina yana murmushi, ni kuwa na ciro masa na jikin matajina. Allah shi ne shaidata ban kawo komai a raina ba.

Sai ga yayarsa, Adda muke ce mata, ta zo dubiya daga Kwadon, tana gyara masa shimfiɗa ta jawo gwangwanin da muke tara su a ƙarƙashin gado. Ku auna da kanku, ƙugiyoyi, jan zare, gashin zabuwa, gashin baƙin zakara, gashin mace, a ƙarƙashin gadon mara lafiya. Ta saka salati, ta ce dama ta san ciwon nan da hannu a ciki, wai na maƙale wa ƙaninta harshe da ƙugiya. Na kunna mata bidiyon ta ce in rufe mata baki, ita a bakin ruwa ta girma ba ta taɓa ganin kifin da ke cin gashi ba. Shi yana ta cewa a'a, kifi, kifi, hawaye na zuba, ta ce kun ji ko, har hankalinsa ta juya. A tsakar gida ta zuba musu kananzir ta ƙone, gaban yarana da maƙwabta.

Daga baya aka zauna da Bappansa, ƙanin mahaifinsa. Mahaifiyarsa, Dada, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ta ce ita ba ta ce na yi ba, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, wannan ya fi min zagin Adda ciwo. Bappa ya yanke cewa ko dai in dafa Alƙur'ani in rantse ko gashi ɗaya ba zai sake shiga ɗakinsa ba, ko kuma su tafi da shi Kwadon su yi jinyarsa, ni in koma gidanmu a unguwar Arawa sai an neme ni. Na je wajen malamin unguwarmu, ya kalli bidiyon ya ce babu laifi a ciki, amma ba zai shiga tsakanin uwa da ɗanta ba.

Tun ranar abinci sai na yi ta lallashi, wayar ma ya daina taɓawa, yatsun da suka fara buɗewa ina kallo suna sake dunƙulewa. Mamata ta ce in rantse in rufa wa kaina asiri. Wata ƙawata ta ce in rantse mu ci gaba a ɓoye, daga baya in yi kaffara, to ni da wane ido zan dafa littafin Allah da niyyar saɓawa?

'Yan uwa ya zan yi? In rantse in zauna da mijina ina kallon hannunsa yana mutuwa, ko in ƙi a ɗauke min shi? Ko akwai wanda ya san hanyar da zan bi Dada ta gane? Ranar Juma'a za su zo jin amsa, maigida kuwa har yanzu ban gaya masa ba, ina tsoron jininsa ya sake hawa.