Mai Fito Ya Dawo a Talabijin

Onomichi, 9 ga Janairu, 1978

Zuwa ga Yaya Noboru,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Haruyo da yara, kuma sanyin Tokyo bai takura muku ba. Mu nan lafiya, sai gwiwar Inna da ke tashi in sanyi ya yi yawa. To, na sauke gaisuwar da aka koya mana. Saura abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Jiya Lahadi mun kalli kashi na farko na shirinka na zane mai motsi a talabijin. Tun la'asar Inna ta yi wanka, ta sa kimonon da take zuwa biki da shi, ta gayyato maƙwabta har mutum shida, ta ɓare musu lemo. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Littafin da na fassara ne, ɗana ya sa shi yana motsi." Ba zan yi maka ƙarya ba, kogin ya yi kyau, yarinyar nan Marit ma ta fito kamar yadda muke ganinta a zuci muna yara. Da mahaifinta mai fito ya ce, "Kogi ba ya ƙin kowa, ba ya kuma son kowa," sai Inna ta dafa hannuna. Kwana uku ta yi a kan wannan jimlar, ta sha gaya mana.

Sai aka zo ƙarshe, sunaye suka fara hawa. Ta gyara tabarau, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Mun ga sunanka, ƙato. Mun ga na mai kwaikwayon ƙarar iska. Mun ga na kamfanin alewar da ya ɗauki nauyinku, har sau biyu. Sunan Inna ba mu gani ba. Tsohuwar nan mai shagon kifi, ka san bakinta, ta ce, "To, ina naki?" Inna ta ce, "Rubutun ya yi sauri, idona bai kama ba." Ta tashi ta shiga kicin wai za ta ƙara ruwan shayi, alhali butar a cike take.

Yaya, maganarta ka kwashe kaf ka zuba a bakin zanenka, ka kasa ba ta layi ɗaya. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Wancan ɗan kwikwiyon mai jan ƙyalle a wuya kuma, daga wane shafi ka samo shi? Na karanta littafin ya fi sau ashirin, ko haushi ban ji a ciki ba. Yau da safe na ga hotonsa a jikin kwalin alewa a hannun ɗalibaina, sai na gane daga inda ya fito.

Inna ta ce in gaishe ka, in ce aiki ya yi kyau. Na isar da saƙonta.

Ƙanwarka,
Kiyoe

Onomichi, 20 ga Yuni, 1978

Yaya Noboru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan tarin da Haruyo ta ce kana fama da shi ya lafa, yara kuma suna karatu. Nan ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, har shanya ta gagara.

Takardarka ta iso bayan wata biyar, layi bakwai. Wai kamfani daga asalin littafin ya yi aiki, ba daga fassara ba, wai ba hurumin darakta ba ne. Ka je ka gaya wa wanda bai san muryar Inna ba. Talabijin mai launi da ka aiko ita ma ta iso. Mutum biyu suka hau da ita tudunmu suna haki. Inna ta ɗinka mata mayafi. Ni kuwa na san toshiyar baki in na gan ta.

Amma ba wannan ya dame ni yau ba. Wata yarinya a ajina ta kawo mujallar yara, ga hotonka kana murmushi da taba a hannu, an rubuta a ƙasa cewa darakta ya yi wa yara alkawarin mahaifin Marit zai dawo a ƙarshen shekara. Na tsaya a gaban allo alli ya karye a hannuna. A littafin mai fito ya nitse. Ambaliya ta tafi da shi, ba a ga ko hularsa ba, Marit ta jira ta gaji, ta ɗauki sandar tuƙi ta ci gaba da ƙetarar da mutane. Labarin ke nan gaba ɗaya. In ka dawo da shi, me ya rage?

Ko ka manta lokacin da Inna ta fassara wannan babin? Shekarar da aka kawo mana farin akwatin nan daga hukumar soja, aka ce Baba ne a ciki, ta buɗe ta tarar da guntun katako da sunansa. Ni ban sani ba sai a bakinku, tunda ina ciki ya tafi yaƙi. Amma na san takardun da ta yi rubutun a kansu, bayan buhunan rabon abinci ne, suna nan a cikin akwatinta. Ta taɓa ce mini, "Na rubuta shi ne saboda yaran da iyayensu ba za su dawo ba, su san akwai wadda ta rayu." Ni ce yarinyar, Yaya. Wannan littafin ne kaɗai bai yi mini ƙarya ba lokacin da kowa yake cewa in yi haƙuri, wataƙila yana wani tsibiri.

A ajina akwai yara uku da teku ya cinye iyayensu. Kana so su zauna ranar Lahadi su koyi cewa in ka yi kuka da kyau matacce yana dawowa? Ranar Litinin ni zan tsaya a gabansu, ba kai ba, ba mai alewa ba.

Na ɓoye mujallar, Inna ba ta gani ba. Ka gyara tun kafin a zana. In kuwa masu alewa ne suka tilasta ka, ka fito ka faɗa, in san tsoro ne ke damunka ba rashin kunya ba.

Ƙanwarka,
Kiyoe

Onomichi, 14 ga Nuwamba, 1978

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, ko da yake na ga lafiyar taka da idona, ba ta da kyan gani. Ka gaya wa Haruyo na gode da masauki. Na iso gida lafiya, na wuce asibiti kai tsaye. Inna tana nan yadda na bar ta. Ƙugunta da ya karye ya kwantar da ita bai haɗe ba, yanzu kuma likita ya ce zuciyar ce ta fi damunsa. Cokali uku na kunun shinkafa take sha ta kau da kai.

Tambayar farko da ta yi mini ita ce, "Yaushe zai zo?" Na ce aiki ya yi maka yawa. Ta ce, "Ya rame?" Na ce a'a. Ka ga yadda ka mai da ni, ni ma na fara ƙarya.

Tun daga nan har Tokyo na yi tafiya don in ce maka uwarka tana mutuwa, ka bar ni a tsaye a baranda kusan awa biyu. Da aka shigar da ni kuma, gani ya kori ji. Ɗaki kamar rumbun gawayi don hayaƙin taba, mutane sun sunkuya a kan tebura masu fitila a ƙasa, kowa na juya takarda, 'yan mata a can ciki suna shafa fenti ba mai ɗaga kai. Wannan ne abin da ya fi Inna. Kai kuma ko kujera ba ka ba ni ba. Ka ce, "Saura kashi shida. In na tashi daga nan, mutum tamanin sun tsaya." Na ce Inna ba za ta kai kashi shida ba. Ka ce, "Za ta kai. Kin san taurin kanta."

Da na tayar da maganar mai fito, na zaci za ka laɓe a bayan masu alewa. Sai ka ajiye fensir ka ce, "Su cewa suka yi in bar shi a mace, mutuwa ta fi jan kuka. Ni na ƙi." Ka ce, "Ke me kika sani? Kina goye. Ni ne nake gudu daga makaranta in hau jirgin ƙasa ba tikiti in je tashar ruwa duk ranar da aka ce an dawo da sojoji. Shekara uku ina leƙa fuskokin iyayen wasu. Ke littafi kika rasa, ni mutum na rasa." A gaban ma'aikatanka ka faɗi haka. Ni kuma na ce maka kai ɓarawo ne, ka saci littafin gyatumarka ka yi wa kanka magani da shi. Na ga 'yan matan sun daina fenti. Ban janye ba, yanzu ma ban janye ba.

Wato ni ban rasa kowa ba. Wanda bai taɓa ganin ubansa ba, ba shi da rabo a makoki. Na ji. Amma ni ce nake juya Inna a gado, ni nake yanke mata farce, kai kana can kana tayar da matattu da fensir, mai rai kuma tana tambayar ko ka rame.

Jirgin ƙasa yana tashi daga Tokyo kullum. Ba zan sake roƙonka ba.

Kiyoe

Onomichi, 12 ga Janairu, 1979

Zuwa ga Yaya Noboru,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun koma gida lafiya, gajiyar hanya ta sake ku. Ka gaishe da Haruyo, ta yi ɗawainiya ranar jana'iza fiye da yadda aka ɗora mata. Ka gaishe da yara. Ni ina nan, gidan ya yi mini girma.

Kwana uku ka yi a nan ban ce maka uffan ba. Da muna tsintar ƙasusuwan Inna daga toka, bayan an ƙone gawarta bisa al'ada, ka raɗa mini, "Ta gani?" na yi kamar ban ji ba. Da gangan na yi, ina so ka tafi da tambayar kamar yadda ta tafi da tata. Amma na yi mako biyu ina juya abin, na ga ba ni da ikon riƙe maganar da ba tawa ba.

Ta gani. Ranar Lahadin kashi na ƙarshe ta matsa sai da aka tura ta a keke zuwa ɗakin da talabijin yake. Na so in hana, na ce tana jin jiki. Ta ce, "Na san abin da ya yi. Mai shagon kifi ta gaya mini tun bazara. Ke kaɗai kike zaton sirri ne." Muka zauna tare da wasu tsofaffi da ma'aikaciyar jinya guda.

Da kwalekwalen ya ɓullo daga hazo, Marit ta saki sandar tuƙi, ni na sunkuyar da kai don takaici. Sai na ji Inna ta ja numfashi. Na ɗaga ido. Mutumin ya sauko a gaɓa yana tahowa, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, yana jefa ƙafar dama waje, hannu ɗaya a ƙugu kamar mai neman abu a aljihun baya. Inna ta kama wuyan hannuna har ya yi mini zafi. Ta ce, "Kiyoe, duba da kyau. Babanku ke nan. Haka yake hawo tudun nan in ya taso daga aiki." Na duba. Shekarata talatin da huɗu, abin da na sani na Baba hoto ɗaya ne, a tsaye ƙyam cikin kakin soja. Ban taɓa sanin yana tafiya a karkace ba.

Da aka gama, tsofaffin suna share hawaye, na tambaye ta ko ta ji haushi. Ta ce, "Ya ɓata mini littafi, ɗan banza. Ƙarya ya yi wa 'ya'yan mutane." Can ta ce, "Shekararsa bakwai fa lokacin da babanku ya tafi. Yaya aka yi ya riƙe?" Ba ta ƙara maganar ba. Ranar Talata da hantsi ta cika. Jirginka ya iso da la'asar.

Ranar da aka koma makaranta, ɗaya daga cikin yaran nan uku ta tsaya bayan an tashi, ta tambaye ni ko ana samun wanda teku ya mayar bayan shekara biyu. Na ce mata a'a. Ta yi kuka, na zauna da ita har ta gama. Wannan aikinka ne, ni na biya shi, kuma ban yafe ba. Ban yafe sunan da ka ƙi sawa ba, ban yafe jirgin da ka ƙi hawa ba. Kada ka karanta wannan takardar ka ɗauka na huce.

Addu'ar kwana arba'in da tara ta faɗo tsakiyar Fabrairu, na riga na yi magana da mai kula da haikali. Yanzu ba ka da sauran kashi da za ka fake da shi. In za ka zo, ka taho mini da takardun da ka zana tafiyar nan, dukansu, tun daga saukowarsa har inda ya tsaya. Ka nuna mini yadda ake juya su da yatsa. Sau ɗaya kawai na gan shi, kuma rabin lokacin kaina yana sunkuye.

Ƙanwarka,
Kiyoe