Babana Yana So Ya Sake Ganin Ƙasan Teku

Doña Ermelinda, uwa mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Babana, wanda ake kira Don Tacho, mai nutso ne tun yana saurayi. Da jatan landen da yake kamowa a ƙasan teku ya ciyar da mu, har ranar da ya taso da sauri ciwon masu nutso ya cinye masa ƙafafu. Yau shekara goma sha biyar yana kan keken guragu, ni ke masa wanka, ni ke tura shi bakin gaɓa da yamma. To ƙanena Wilmer, da ke aiki a birnin La Ceiba, ya je ya biya masa kujera a wani ɗan jirgi mai kai masu yawon buɗe ido ƙarƙashin teku. Tun ranar Baba ya zama yaro. Har aski ya sa aka yi masa! Wai ya sha leƙa bakin wani rami mai duhu a can ƙasa, bai taɓa sanin abin da ke ciki ba.

Ni kuwa na je na tsare matuƙin jirgin, na ce in tsohuwar raga ta sarƙe su a can fa, wa zai je? Bai ɓoye min ba. Ya ce suna da iskar shaƙa ta kwana uku, suna iya zubar da nauyi jirgin ya taso da kansa, amma zurfin ya fi ƙarfin kowane mai nutso, kuma jirgin ceto yana nesa da mu ƙwarai. Na dawo gida na ce ba inda za shi. Wilmer ya kira ni sarkin tsoro. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi in daina kai shi bakin gaɓa, iska ta yi masa yawa. Doña, teku ta karɓi rabinsa, in miƙa mata sauran da hannuna?

'Yar Mai Nutso

'Yata,

Tsoronki ba hauka ba ne, kuma tambayar da kika yi ita ce ta farko da ya kamata kowa ya yi. Matuƙin da ya gaya miki gaskiya ya fi mai rantsuwa cewa ba abin da zai faru. Amma gaskiyar tasa ba daɗi: a wancan zurfin, in abu ya lalace, agaji na iya makara.

Sai dai ƙafafun Don Tacho ne suka mutu, ba hankalinsa ba. Ya fi ku duka sanin teku. Kin yanke hukunci a kansa ba ki zauna da shi ba, abin da ya yi masa ciwo ke nan.

Ki kai shi likita ya duba zuciyarsa da numfashinsa. Ki tambayi wace hukuma ta binciki jirgin, kuma yaushe. Wa ke tsaye a sama yana magana da su? Ta yaya za a fito da mutumin da ba ya iya hawa tsani? In masu jirgin suka yi ta kame-kame, magana ta ƙare, kuma Wilmer ne zai gaya masa, ba ke ba. In amsa ta gamsar, ki nemi a tsaya a zurfin da masu nutso za su iya kai musu ɗauki. Ko bakin ramin nan ya sake gani, ya ga abokin da ya daɗe bai gani ba.

Sannan ki faɗa masa duk abin da matuƙin ya ce, ki bar shi ya zaɓa. Kin riƙe shi shekara goma sha biyar, 'yata. Ƙauna ta iya riƙo, amma wani lokacin aikinta ta tsaya a gaɓa ta jira.

Allah ya dawo miki da shi, da labari a bakinsa.

Doña Ermelinda