Shukun Loretta

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba? Ina su Yaya Sabi'u da yara?

Ni lafiya lau nake a nan Amurka. Shagon kitsona dai har yanzu a rufe yake, wai sai na yi makarantar gyaran gashi an ba ni lasisi, ni da kika koya wa kitso tun ina 'yar mitsitsiya. Kada ki damu, ina goge-goge a wani otal, bayana ne kawai ke ɗan ciwo.

Loretta, wadda nake yi wa kitso, ta fito takarar majalisar jiha a wata babbar jam'iyya. Aƙidarta ita ce gwamnati ta cire hannu daga sana'ar mutane, har da dokar lasisin kitso. Manyan jam'iyya suka ce ta janye, ta ƙi. Ranar muhawara na yi mata shuku a ɗakina ba lasisi, ta hau dandali ta nuna kanta, ta ce, "To, ga laifi na ɗauko a ka, ku zo ku kama!" Zaure ya kece da dariya.

Inna, ta ci zaɓen fid da gwani, saura babban zaɓe. Ki sa mu a addu'a. Ki kuma aiko min da sabuwar kibiyar kitso, ina jin ta kusa amfani.

'Yarki,
Barira