Gardamar Fim Ta Sa Na Raba Aminina da Hannunsa

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida, manya da yara, da fatan an wuni lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma admin ka sakaya sunana. Ni tsoho ne, na haura tamanin, saƙon murya na turo aka rubuta, in magana ta yi tsawo ku yi haƙuri, sama da shekara sittin ke nan tana cina.

Ni mutumin wani ƙauye ne ta wajen Dandamisa. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina saurayi, muna aikin mazarƙwaila a wurin wani attajiri. Yaran yanzu ba ku san irin injin ba, ƙarafa ne masu juyawa da ke matse rake, doki ke jan su yana zagaye. Ni ke kora dokin, aminina kuma, bari in kira shi Sale, shi ke zaune yana tura rake a bakin injin. Ƙa'idar aikin ɗaya ce tal, mai tura rake in ya yi ihu, mai doki ya cafke linzami nan take, ba tambaya.

To a lokacin wanda duk ya shiga Zariya ya ga silima, in ya dawo sai ya ba da labarin fim ɗin a wurin aiki, kuma a wannan fanni ni ne gwani, har girman kai nake yi da shi. Wata rana na je na kalli wani na Turawa, su huɗu suka hau jirgi suka tafi wata tauraruwa, can tankin jirgin ya fashe, man ya tsiyaye ƙaf, sannan wata halitta mai ƙafafu kamar na gizo-gizo ta taso musu. Yau zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, lokacin da abin nan ya cika allo ya yo kanmu, wallahi fita na yi da gudu, takalmi ɗaya na bari a ciki. Da na samu zuciya na koma, sai na tarar Turawan har sun dawo gida ana ta tafa musu.

Na dawo na tsara labari tiryan-tiryan, kowa ya saki baki, sai Sale ya tambaya wai da wane mai suka dawo. Ya ce lorin Makarfi ma in mai ya ƙare sai an sauka an tura, su a sama wa ya tura su? Na ce ai sun ɓoye wata ganga. Ya ce ɗazu da bakina na ce ko ɗigo bai rage ba. Kwana uku ana wannan gardama, ma'aikata suka rabu biyu, wasu na cewa Bature ba ya kuskure, akwai dabarar da ta fi ƙarfin kanmu, wasu na cewa masu fim ɗin ne suka manta. Ni kuwa har yau ban sani ba, ko fim ɗin ne da giɓi ko ni ne ban gani ba.

Rana ta uku da hantsi muna cikin aiki, Sale ya ce a gaban kowa, ko dai masu fim maƙaryata ne, ko kuma ni tsoro ya kore ni na gudu. Aka bushe da dariya. Jama'a, idona ya rufe. Na zabga masa bulalar doki a fuska, ya miƙe ya shaƙe ni, na sa masa gwiwa a ciki na hankaɗa shi baya, ya kai hannu zai dafa, hannun ya faɗa bakin injin. Dokin kuwa da ya ji ƙarar bulala sai ya ƙara gudu. Sale ya yi ihu, na ji shi sarai, amma ban kama linzami ba, na tsaya ina zaginsa, sai da na ji ƙashi na ƙara sannan na dawo hayyacina. Jini ya gauraya da ruwan rake, kafin a ciro shi injin ya ci har gwiwar hannu. A lori aka kai shi asibiti a Zariya aka yanke.

Maigidanmu ya tara mu ya ce kowa ya ce tsautsayi ne, don in 'yan doka suka ji za a rufe wurin, ni kuma a ɗaure ni. Sale ya yarda. Daga baya ya koma Kudan yana sayar da goro, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma don rashin kunya ban taɓa cewa ya yafe mini ba. Har ya zo da kansa ya nema wa babban ɗansa auren 'yata, yanzu jikokinmu ɗaya da shi.

Bana tsufa ya rikita masa hankali. Sai ya kama dungulmin hannun yana kiran sunana, yana ihu in tsai da dokin. Makon jiya na je duba shi, yana ganina ya wurgo mini kwanon sha ya fasa mini gira. Da ya lafa, aka bar mu mu biyu, na durƙusa ina kuka na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, sannan ya tambaye ni goro nawa zan saya, ashe bai ma gane ni ba.

Surukin nawa, ɗan Sale, ya fara zargi, kuma mutum ne mai zafin zuciya, ya taɓa fasa wa wani kai a kan iyakar gona. Ya tambaye ni ko da gaske tsautsayi ne, na ce ruɗun tsufa ne kawai, na sake zuba wata ƙaryar da furfurata. Duk waɗanda suka ga abin sun rasu, saura ni da Sale.

Malamai na wannan gida, yafiyar mutumin da hankalinsa ya tafi tana karɓuwa? In na faɗi gaskiya, ina tsoron auren 'yata ya mutu, jikokina su riƙa kallona a matsayin wanda ya nakasa kakansu saboda fim. In na yi shiru, da wane ido zan tsaya gaban Allah? Kada ku lallashe ni don na tsufa, ku faɗa mini gaskiya komai ɗacinta, kuma ku hanzarta. Surukin ya aiko cewa jibi bayan Juma'a zai zo gidana, kuma da Alƙur'ani zai zo. Me zan ce masa?