Diflomar 'Yata da Lasisin Haya a Bango

Zuwa ga shugaban makarantar kuɗi ta koyon aikin lafiya da 'yata ta gama a nan Jalingo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ban ambaci sunan makarantarka ba domin ka san kanka, iyayen da suka biya ka ma sun san ka.

Ni malamar firamare ce, a Sarkin Dawaki nake zaune. 'Yata Nafisa ta yi difloma a wajenku kan aikin ɗakin gwaji, wato awon jini da fitsari da makamantansu. Kai da hannunka ka miƙa mata takardar. Ɗan ɗakin gwajin da na buɗe mata yana gab da rufewa: hayar shagon za ta ƙare bayan ƙaramar Sallah, kuma ba ni da abin sabuntawa.

Na ɗaya. Ranar da muka zo sayen fom ka tara mu iyaye a rumfa, ka ce, "Wanda ya karanta wannan ba ya neman aiki, aiki ke nemansa. In gwamnati ba ta ɗauke shi ba, ya buɗe nasa." Da kunnena na ji. Na koma na sayar da filina na Kona, wanda na mallaka da albashin alli da allo, na biya ku har ta gama.

Na biyu. Aikin bai neme ta ba. Duk asibitin da ta je sai a ce babu gurbi, amma ta zo ta yi aikin sa kai kafin a buɗe ɗauka. Ta yi, har ƙannenta suka fara kiranta ma'aikaciyar Allah-ya-ba-ku-lada. Ni ke ba ta kuɗin keke kullum, wani lokaci har safar hannu ita ke saya. Wani asibitin kuɗi ya yi mata tayin albashin da bai kai na yarinyar da ke sayar da katin waya a ƙofarsa ba.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Na tuna rabin maganarka na biyu, na ɗauki adashi, na kama shago a bayan Kasuwar Jalingo. Na sayi madubin duba ƙwayoyin cuta, da firji, da janareta. Ba mu daɗe ba masu duba aiki na gwamnati suka zo. Babbansu ya dubi takardar Nafisa, ya ce cikin ladabi, "Hajiya, mai difloma ba ya buɗe ɗakin gwaji da sunansa, sai a ƙarƙashin mai digiri mai lasisi. Ba su gaya muku ba a makaranta?"

Ban ga laifinsu ba, jinin mutane ba abin wasa ba ne. Amma kai ka san wannan doka tun ranar da kake mana huɗuba a rumfa.

Mafitar da kowa ya nuna mana ita ce hayar lasisi. Yanzu a bangon shagon akwai takardar wani mai digiri da hotonsa cikin gilashi. A Yola yake, bai taɓa taka ƙofarmu ba. Mata masu zuwa awo suna nuna hoton suna tambayar Nafisa, "Maigidanki ne?" Ita ke huda yatsa, ita ke sunkuyawa kan madubi har idonta ya yi ja, amma ƙarshen wata wayar mai lasisin ta neman kuɗinsa ke riga ta mai shago shigowa. Da muka yi jinkiri ya ce mini, "Mama, in kun gaji ku sako mini takardata a mota, akwai masu jira." Yana da gaskiya, akwai su. Ɗalibanka ne.

Na huɗu. Mun nemi ta ci gaba zuwa digiri, aka ce kusan daga farko za ta soma. Ba ni da wani filin. Na je ofishinka, sakatarenka ya ce, "To mu mun ce digiri muke bayarwa?"

Kana son sanin darajar takardarku? Nafisa ta mayar da firjin gida, tana sanya zoɓo da kunun aya. Abin da zoɓon ke kawowa ya fi abin da ke rage mana daga gwaji. Ranar da ta gane haka ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Inna, da tun farko firjin kawai kika saya." Tun daga ranar ba na iya kallon idonta sosai.

Ba na neman filina, na san ya tafi. Shagon ma na cire rai. Abin da nake roƙo shi ne, bana in ka tara iyaye, ka faɗa musu ƙarara abin da wannan difloma ba ta iya yi, kafin su biya. Ka kuma nema wa yaran da ka riga ka yaye hanyar digiri wadda ba za ta zubar da shekarunsu ba. In ba za ka faɗa ba, ni zan zo in tsaya a bakin ƙofa ranar sayar da fom. Aikina ke nan, yi wa mutane bayani har su gane.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga haƙƙin mutane, ya ba 'ya'yanka takardar da za ta ciyar da su.

Wassalam.

Mahaifiyar Nafisa,
Sarkin Dawaki, Jalingo.