Motar da Take Mutuwa In Mama Ta Shiga

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya sauƙaƙa maka aikin da ya kai ka nesa da mu, ya yaye maka ciwon bayan da ka ce yana damunka. Mu nan lafiya lau. An mayar da baban yara aikin safe, saboda haka yanzu muna ganin fuskarsa da rana. Gwaggo ta zo yi mana mako uku, ga shi ta kusa wata biyu tana nan, ta sake wa kicin ɗina tsari, har yau ban san inda ludayina yake ba. Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Maganar ce irin wadda in na fara ta da baki kuka zai hana ni ƙarasawa, kai kuma da ka ji muryata ta canza sai ka fara neman tikitin jirgi.

Ka tuna na gaya maka na sayi 'yar tsohuwar mota a hannun wata malama da ta yi ritaya a makarantarmu. Ƙarama ce ƙwarai, baban yara akwatin ashana yake ce mata, amma ba ta shan mai. Dalilin sayenta ɗaya ne: kai Mama asibiti. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce sai an riƙa yi mata gashin ƙashi sau biyu a mako, in aka yi wasa ƙafar za ta sandare, ba kuma za ta dawo ba. Na gaji da ganin yadda ake cusa ta a motar haya kamar kaya. Na sa an canza tayoyi, an gyara birki, an sa sabbin fitilu, har maƙalli na sa aka ɗaura a saman ƙofar baya don ta riƙa kamawa in za ta shiga. Ranar da aka gama, ji nake kamar ni na ƙera ta.

Mako biyu ina zuwa makaranta da ita ni kaɗai, ko tari ba ta yi ba. Ranar farko da na ɗauki Mama, muna kaiwa wajen gidan man nan na kan kwana sai ta yi shiru, ta mutu murus. Na fitar da Mama na zaunar da ita a inuwa, na koma na murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Na mayar da Mama, ba mu yi nisa ba ta sake mutuwa. Ranar ba mu samu layin gashi ba. Na kai ta gareji, bakanike ya ce fulogi ne, aka canza. Mako na gaba ta maimaita. Wani ya ce batir, wani ya ce matatar mai ce ta toshe. Kowa ya canza abin da ya canza, ya zaga gari da ita, ya dawo yana kallona kamar ni ce mai matsalar. A hannunsu lafiyarta ƙalau.

To ga laifina, Yaya, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. A karo na huɗu muna tsaye a bakin titi, rana ta take, ina gumi, ina so in yi kuka amma ba na so Mama ta gani. Sai na mayar da abin wasa, ka san bakina. Na ce mata ai na gano, motar nan nauyin Mama ne ta kasa ɗauka, da ta shiga sai ta sume. Mama ta yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka magana ta wuce. Daga ranar ta fara kawo uzuri. Yau kanta na ciwo, gobe ta ce gashin ma ba ya ƙara mata komai, in bar wahalar da kaina. Sau biyar a jere ba mu je ba. Ina kallo ƙafar da ta fara ɗagawa ta koma ja a ƙasa.

Gwaggo ce ta tare ni a kicin ta rufe ƙofa. Ta tambaye ni ko ina duba kwanon Mama in an fito da shi, ko kuwa wankewa kawai nake yi ido rufe. Ta ce Mama ta gaya mata a asirce cewa tana rage cin abinci ne ko za ta ɗan yi sauƙi motar ta iya ɗaukarta, don yarinyar nan ta yi iya ƙoƙarinta, ita ce ta zame mata kaya. Yaya, matar da ta goya mu mu biyar, wadda yanzu da hannu ɗaya nake tallabe ta, ita ce take ɓoye rabin abincinta saboda maganar banza da ta fito daga bakina. Na zauna a kan buhun shinkafa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Na je na ba ta haƙuri, na rantse mata wasa nake yi. Ta shafa kaina ta ce ta sani, amma ai motar ba wasa take yi ba.

Washegari wata abokiyar aikina ta kwatanta mini wani tsohon mai gyaran wayoyin mota, ana ce masa Baba Kunne, wai da sauraro yake gane ciwon inji. Garejinsa rumfa ce kawai a bayan masu walda, da benci ɗaya da gwangwanaye cike da kusoshi. Ko bonet bai buɗe ba. Ya sa na zauna, ya ce in ba shi labarin kowace mutuwa da ta yi, wa ke ciki, kuma a ina yake zaune. Na ce Mama ce, a baya ta hannun dama, don can ne take samun miƙe ƙafa. Ya tambaya wa kuma yake zama a wurin, na yi tunani na ce babu kowa. Sai ya tayar da motar, ya ƙwala wa wani mai walda kira, ya ce ya zo ya zauna a kujerar baya. Mutumin yana zama motar ta mutu. Ya tashi, aka murɗa, ta kama. Ya koma, ta mutu. Sau uku, har masu walda suka bar aikinsu suna ta shewa.

Da ya ɗaga kujerar sai ga abin a fili. Ashe famfon da ke tura mai daga tanki a ƙarƙashin wurin yake, kuma akwai murfin ƙarfe da ya kamata ya rufe shi. Wani ya taɓa yin gyara tun zamanin mai motar ta farko, bai mayar da murfin ba. Soson kujerar ya lotsa, duk wanda ya zauna sai ya danne soket ɗin wayar, wuta ta yanke. Ya ce ko jakar littattafaina na ajiye a daidai wurin za ta iya yin haka. Ya nuna mini inda wayar ta goge har jan ƙarfenta ya fito, a kan tankin mai. Ya sa sabon soket, ya naɗe wayar, mai walda ya yanka murfi ya ɗaure, aka ƙara soso. Sannan ya cika bayan motar da ƙarti uku muka zaga unguwa, ko gezau.

Na gaya masa gyaran mota ya ƙare amma saura na gida, na ba shi labarin kwanon. Ya wanke hannunsa, ya ɗauki tsohon soket ɗin ya ce mu je. Da kayan aikinsa ya shiga ɗakin Mama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗora mata abin a tafin hannu. Ya ce mata makanikai uku sun duba motar nan ba su ga komai ba, ita ce ta gano ciwon. Ya ce da ba ta zauna a wurin ba, wayar nan za ta ci gaba da gogewa a kan mai ba wanda ya sani, 'yarta kuma tana yawo a kai kullum. Mama ta daɗe tana juya soket ɗin. Ta tambaye shi sau biyu ko da gaske ba nauyinta ba ne, ya ce wallahi ba shi ba ne. Sai ta juyo ta ce mini gashin gobe ƙarfe nawa ne.

Mun koma asibiti, yau mako biyar ba fashi. Mai gashin ta yi mana faɗa sosai, ta ce mun yi asarar abin da sai an yi wata biyu kafin a dawo da shi, amma zai dawo in sha Allah. Roƙona gare ka ɗaya ne. In ka kira, kada ka nuna mata ka san wannan magana, za ta ji kunya. Ka dai tambaye ta me ta ci, kuma kada ka ajiye wayar sai ta lissafa maka.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Baban yara yana gaishe ka, Gwaggo ma haka, ta ce ka rage zama a kujera. Mama na gefena yanzu, ta ga ina rubutu ta tambaya wa nake rubuta wa. Ta ce in gaishe ka da kyau, in kuma gaya maka an auna ta jiya ta ƙara kilo biyu, motar kuwa ba ta ce komai ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka