Na Karɓi Jan Falmaran

Wenhai, baban Tiantian, ruwan farko da ke sauka a gonar shinkafa, tohon gora mai fasa ƙasa bayan hadari, ɗumin hannuna ranar sanyi! Kai ne ƙamshin barkono a kasko, mai sa mutum hawaye yana kuma ƙara matsowa. Ajiye ƙarfen waldar nan, cire abin rufe fuskar, sa waya a kunne. Ni ce. Ka san ba rubutu zan yi maka ba, magana zan yi, kuma wayar nan katse ni take in na cika surutu. In ka ga saƙonni sun jeru kamar tururuwa, ka saurare su bi da bi, kar ka tsallake ko ɗaya.

Ina bayan kanti inda ake sauke kaya, zaune a kan kwandon kabeji. Hutun cin abinci ne. Taliyata tana hucewa, ban taɓa ta ba.

Na ji saƙonka. Ka ce tunda injinan biyan kuɗi sun zo kantinmu, kwanan mu kashiya masu karɓar kuɗi ya ƙare, in tattara in bar Guiyang in taho Zhoushan, akwai aiki a kamfanin gyaran kifi kusa da inda kuke haɗa jiragen ruwa, har da ɗakin kwanan mata. Ka ce ba a shiga da yara ɗakin, don haka Mama, mahaifiyarka, za ta zo ranar Asabar ta tafi da Tiantian ƙauye, na ɗan lokaci. Muryarka ta yi ƙasa daidai wajen "ɗan lokaci" ɗin nan. Na san ka, Wenhai. Kai ma ba ka yarda da abin da bakinka ya faɗa ba.

Wayyo, hasken idona! Kana tsammani ba na so in zo? Ni da nake kwana rungume da tsohuwar rigarka, har warin ƙarfen ya gudu ya bar ni da tsumma? Ni da in na ga namiji mai faɗin kafaɗa ya juya baya a sashen giya na kantinmu, sai zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan akuya, in ya juyo kuma ta faɗi? Da za a ce in taka da ƙafa daga tsaunukan nan har bakin teku don in wanke maka ƙunar hannunka, da tuni takalmina ya cinye. Kai ne kogin, ni ce gonar da ta tsattsage tana jira. Ka miƙo mini abin da na fi so a duniya, amma ka ce in ajiye 'yata kafin in karɓa. Wannan wane irin ciniki ne?

Ka tuna ranar da ka fara tsayawa a layina? Teburi na uku, kusa da ƙofa. Ka sayi kifi mai rai za ka yi miya mai tsami, mai yankan kifin ya fita, kai kuma gaggawa ta hana ka jira. Kana ɗora ledar, kifin ya yi tsalle ɗaya ya faɗa durowar kuɗina da ke buɗe, yana ta dukan canji da jela. Wata tsohuwa a bayanka ta ce, "Saurayi, sadakin ne ka kawo tun yanzu?" Kunnuwanka suka yi ja kamar barkonon da aka shanya a kan rufi. Muka kai hannu tare, ni na kama kan kifin, kai ka kama hannuna, ka ce wai santsi ne ya ja ka. Maƙaryaci! Maƙaryacina mai daɗin baki!

To teburin nan babu shi yanzu. Sun kwance shi, sai tabon ƙusoshi a ƙasa. A teburin nan ba wanda ya taɓa tambayata ko na iya karatu. Lamba na sani, hannuna kuma ya san inda baƙaƙen layukan farashin nan suke ɓuya a jikin kowane kwali. In goga su a na'urar teburin, ta ce tit, in goga, ta ce tit. Tit ɗin nan ita ta saya wa Tiantian madara, ita ke biyan gidan renon da ke bayan kanti, inda nake leƙa ta ta taga in na samu sarari. A gurbinsa sun jera injina farare masu faɗin fuska. Mutum ya goga kayansa da kansa, ya nuna waya, ya wuce, ba sannu, ba sai an jima.

Shekaranjiya Manaja Pang ya tara mu da safe. Ya ce tebur biyu za a bari saboda tsofaffi masu biya da kuɗin takarda, kuma na waɗanda suka fi daɗewa ne. Sauranmu, mutum biyu za su sa jan falmaran su yi gadin injina, in ɗaya ya yi ja su gyara. Wanda ya rage ya nemi wani wurin a ƙarshen wata. Ya ce, "Wa ke so? Ba wuya, karanta abin da ya fito a gilashi ne kawai ki danna." Karantawa kawai! Amma hannuna ya tashi sama tun kafin in ba shi izini.

Jiya aka gwada ni. Akwai wani dattijo, Baba Qiu, wanda ba ya fashin layin ƙwai mai araha. Na lallaɓa shi na kai shi gaban inji. Na tsaya gefensa, na dafa farantin da ake ɗora kaya. Yana goga ƙwansa injin ya yi ja, ya fito da rubutu layi biyu. Muryar injinan kuma an rage ta saboda hayaniya. Na zuba wa rubutun ido, shi ma ya zuba mini. Na danna kore, ja. Na sake dannawa, ja. Baba Qiu ya ce, "Yarinya, kafin ku gama shawara da shi ƙwan nan sun ƙyanƙyashe." Layi ya kwashe da dariya. Sai Yaya Gui, wadda aka bar wa ɗaya daga cikin teburan, ta leƙo ta ƙwala mini kira, "Ke Chunyan, ɗage hannunki daga sikeli! Cewa yake an ɗora kayan da ba a biya ba. So kike ya sayar da ke kilo-kilo?" Ashe farantin sikeli ne, ni ce kayan.

Manaja Pang ya gani. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "In inji ya sake tsayawa haka a hannunki, falmaran na wata ne."

Tsoro nake ji, masoyina, ba zan ɓoye maka ba. Rubutun nan kamar ƙaya suke, kowanne da ƙafafu da ƙahoni, duk sun san juna, ni kaɗai ce baƙuwa.

Amma ka san abin da ya sa nake tsaye gabansu kamar makauniya? Ban kai tsayin randa ba lokacin da iyayena suka hau motar safe zuwa birni neman aiki, suka ce na ɗan lokaci ne. Sai sabuwar shekara suke dawowa, da takalmin da bai shiga ƙafata, don ƙafar da suka sani ta riga ta wuce. Na taɓa kiran uwata Anti a gaban mutane, ta zagaya bayan ɗaki ta yi kuka. Da Kaka, wadda aka bar ni a hannunta, ta kwanta ciwo, wa aka cire daga makaranta ya dafa wa aladu abinci? Ni. Yanzu kuma saboda ban iya karatu ba, sai a ɗauki 'yata a kai ta ta hau hanyar da ta hana ni karatun? A'a! Ko injinan nan za su yi ja su kama da wuta, a'a. Tiantian ba za ta koyi fuskata a gilashin waya ba. Jiya ta kira maɓallin rigata wata, ta ce in ciro mata shi ta ci. Wa zai ba ni labarin irin wannan in tana bayan tsauni?

Na kira Mama da kaina ɗazu. Na gaishe ta da ladabi, na ce ta zo Asabar ɗin, in yi mata miya, ta ga jikarta, amma yadda ta zo haka za ta koma. Ta ce, "Ke da sunanki ma da ƙyar kike zana shi, da inji za ki yi kokawa?" Na ce, "Eh, Mama, da shi." Ta ce taurin kaina ya fi dutsen niƙa. Za ta kira ka, na sani. Kar ka tsaya a tsakiya kana sosa ƙeya, baban Tiantian. Ka tsaya a gefena.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba tikitin jirgi ba ne. Yaya Gui ta ce maganganun injin ba su da yawa, maimaita su yake kamar aku. Duk rubutun da ya fito yau na ɗauki hotonsa a ɓoye. Zan turo maka su ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka karanta mini da muryar nan taka, a hankali, ka gaya mini wanne zan danna. Zan haddace kamanninsu yadda na haddace kwalaben mai da na ruwan tsami ba tare da na karanta ko ɗaya ba. Ka ara mini idonka daga bakin teku, ni kuma in riƙe mana 'yarmu a nan. In na faɗi, to na faɗi, zan share titi, zan wanke kwanuka a gidan taliya, amma da ita a bayana.

Raɓar safiyata, inuwar da nake gudu in fake! Ban ƙi ka ba don na ƙi zuwa. Son da nake maka ne ya yi ƙafa yake yawo a ɗakinmu yana neman cin maɓalli, ta yaya zan ba da shi ajiya? Ka yi fushi in za ka yi, amma ka yi shi kana karanta mini.

An buga ƙararrawa, zan sa falmaran. Ya yi mini yawa a kafaɗa, zan kama shi da fil. Hoton farko yana tafe bayan wannan saƙon, mai layi biyu ne, akwai wani harafi a farkonsa kamar mutum ya buɗe hannuwa. Ka fara da shi.

Ni ce taka, yau da gobe, har tsaunukan garinmu su gaji da tsayuwa su kwanta, har gashina ya yi fari a kan kafaɗarka. Ba wani, ba kuma za a yi wani ba.

Chunyan, matarka, uwar Tiantian.